GODIYA MAGANIN KAƊAICI: KIRA GA IYAYE DA MALAMAN YARANMU NA IKKO

Kwanan baya, wani dare bayan sallar lisha, na biya ta wata makarantar dare a Apapa, irin wadda ake yi cikin rumfar kwano a bayan layin manyan motoci, inda yaran mota da 'yan dako da masu tura ruwa suke taruwa su ɗauki karatu in sun gama wahalar yini. Da aka tashi kowa ya jingine allonsa ya kama gabansa, sai yaro ɗaya, wanda ba zai wuce shekara 15 ba, ya zauna gindin ginshiƙi yana kallon fitilun tankoki. Na tambaye shi ko lafiya, ya ce lafiya lau. Na tambaye shi mutumin ina ne, ya ambaci wani ƙauye a ƙasar Katsina. Na ce masa, "Wa kake da shi a garin nan?" Ya yi shiru, can ya ce, "Baba, akwai mutane." Na ce, "Yaro, na san akwai mutane, wa kake da shi?" Sai ya sunkuyar da kai.

Wannan amsa ita ce dalilin rubutun nan. Gaskiya yaron ya faɗa, akwai mutane. Duk faɗin Nijeriya babu garin da ya kai Ikko jama'a, a cikin Ikko kuwa da wuya a sami inda ake cuɗanya dare da rana kamar bakin tashar jiragen ruwa ta Apapa. Amma ga yaro a tsakiyar wannan taro, yana kwana cikin mutane, yana karatu cikin mutane, alhali in yau ciwo ya kwantar da shi babu mai lura da rashinsa sai an nemi mai wanke mota an rasa. Irinsa nawa ne a Agege da Idi-Araba da Obalende da Mile 12? Nawa ne a ɗakunan kwanan makarantun sakandare da na manyan makarantun Akoka da Yaba? Abin da nake so in kawo gaban jama'a shi ne, muna da wani sashe na maganin wannan ciwo a cikin al'adarmu, watau godiya da hanyoyin yin ta, sai dai mun baro su a gida. Lokaci ya yi da iyaye da malamai za su tsara wa yara hanyar yin godiya da gangan, da ranarta da lokacinta, kamar yadda aka tsara musu hadda da lissafi.

KEWA DABAM, KAƊAICI DABAM

Kafin mu yi nisa ya kamata mu raba abu biyu da mutane suke gwamutsawa. Kewa ciwon wanda yake da nasa ne: ka tuna mahaifiyarka da ƙannenka, zuciyarka ta yi nauyi, amma ka san akwai inda ake ambaton sunanka. Duk wanda ya baro Arewa ya zo Kurmi ya san wannan, kuma babu aibi a cikinta. Kaɗaici kuwa shi ne mutum ya wayi gari yana ganin babu wanda ya damu da ko yana raye, daga nan har can gida. Kewa takan sa yaro ya dage ya tara kuɗin mota. Kaɗaici yakan sa shi ya saki karatu, ya daina wanka da wanki, ya bi duk wanda ya fara sakar masa fuska, ko da mai sayar da ƙwaya ne a ƙarƙashin gada.

Ɗalibanmu a Ikko kashi uku ne, kowanne da irin nasa nauyin. Kashi na farko su ne waɗanda aka haifa a nan, suna Hausa a gida, suna Yarbanci da Turanci a makaranta, in sun je Arewa da salla a kira su 'yan Ikko, in sun dawo a kira su baƙi. Kashi na biyu su ne waɗanda karatu ya kawo su: yaran da suka ci jarrabawar makarantun Gwamnatin Tarayya kamar King's College, wadda aka kafa tun 1909, da samari da 'yan matan Jami'ar Legas ta Akoka da Kwalejin Fasaha ta Yaba, da masu neman ilmin Larabci a Markaz ta Agege, wadda marigayi Shehu Adamu Abdullahi na Ilori ya kafa a Abeokuta a 1952 kafin ya dawo da ita Agege. Kashi na uku, waɗanda suka fi yawa kuma aka fi mantawa da su, su ne almajirai da yaran sana'a masu karatun dare, irin yaron da na ba da labarinsa. Tsakanin yawancinsu da iyayensu akwai tafiyar kimanin kilomita 1,000.

DA DA YANZU

Wani zai ce ai ba yau muka fara zuwa Kurmi ba, iyayenmu da kakanninmu sun zo ba su mutu da kaɗaici ba. Haka ne, amma mu duba yadda suka zo. Tun da jirgin ƙasa ya haɗa Ikko da Kano a 1912, fataken goro da na shanu suka yawaita a Zangon Agege, kuma babu wanda yake sauka a sarari. Baƙo yana da maigida, maigida ne zai ba shi masauki, ya ajiye masa kuɗinsa, ya tsaya masa a ciniki, ya nemo shi in bai kwana gida ba. Wani Bature mai bincike, Abner Cohen, ya zauna a Sabon Ibadan ya rubuta littafi a kan wannan tsari a 1969, ya nuna cewa amanar da ke tsakanin maigida da baƙonsa ita ce ginshiƙin cinikin goro da shanu gaba ɗaya. Almajiri ma yana da uwar ɗaki a cikin gari, wadda yake yi wa aike da ɗebo ruwa, ita kuma ta ajiye masa tuwo, ta san ranar da bai zo ba.

Abin da yake riƙe da wannan tsari kuwa ba takarda ba ce, ba kotu ba ce. Godiya ce mai ƙa'ida. An yi maka kyauta, ka ba ɗan aike tukwici. An zo maka suna ko jana'iza, ka bi gida gida ka yi ban gajiya. An yi maka alheri jiya, yau ka taka da ƙafarka ka ce ka gode da abin jiya. Ranar Laraba almajiri ya kai wa malam kuɗin Laraba, komai ƙanƙantarsu. Wanda ya yi nisa ya je wurin marubucin wasiƙa a bakin gidan waya, a rubuta masa gaisuwa mai yawa da so da yarda, a jera sunayen mutanen gida ɗaya bayan ɗaya har da jariri. Daga baya aka sami kaset, mutum ya yi magana a ciki ya ba direba ya kai. Waɗanda suka manyanta a cikinmu suna tune da yadda ake kewaye rediyo ana jiran shirin Zaɓi Sonka na Rediyon Kaduna, domin a ji ko wani ya aiko da gaisuwa. Kowace ɗaya daga cikin waɗannan al'adu tana tilasta wa mutum ya tuna wani, ya ambaci sunansa, ya je gare shi ko ya aika. Mutumin da yake cikin irin wannan saƙa, ina kaɗaici zai sami ƙofar shiga masa?

Yau saƙar ta warware. Gidan maigida mai zaure da ɗakunan baƙi ya zama ɗakin haya guda, mutum da iyalinsa ma da ƙyar. Wanda ya fita daga Agege da asuba zuwa Apapa, cunkoson motoci ya cinye masa lokacin da zai yi zumunci. Rashin zaman lafiya a wasu sassan Arewa ya koro samari da yara da yawa, sun hau bayan tirela sun sauka ba tare da sunan kowa a bakinsu ba. Da Gwamnatin Jihar Legas ta hana acaɓa a ƙananan hukumomi shida a watan Yuni na 2022, har da Apapa, samari da yawa suka watse, ƙanne suka rabu da yayyen da suke kwana tare. Ga waya a hannun kowa, amma sau da yawa kiran da yake zuwa daga gida na neman a turo kuɗi ne, har yaron da bai samu ba ya fara gudun ɗauka. Yaranmu sun gaji kalmar "na gode", amma ba su gaji tafiyar da take biye da ita ba.

ABIN DA MASANA SUKA GANO

Kada wani ya ɗauka wannan ƙaramar magana ce ta masu ƙoshi. Ingila ta naɗa Minista domin matsalar kaɗaici a 2018, Japan ta bi sahu a 2021. A watan Yuni na 2025 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da rahoto cewa mutum ɗaya cikin shida a duniya yana fama da kaɗaici, kuma ana danganta shi da mutuwar fiye da mutum 871,000 kowace shekara. Abu biyu a cikin rahoton sun shafe mu kai tsaye. Na ɗaya, matasa ne suka fi kowa fama da shi, ba tsofaffi ba kamar yadda aka zata. Na biyu, a ƙasashe matalauta kusan kashi 24 cikin 100 ne suka ce suna fama da shi, ninki biyu ke nan na ƙasashe masu arziki. Ashe zancen da muke yi cewa wannan ciwon Turawa ne, mu muna da dangi, bai tsaya da ƙafafunsa ba.

To, mene ne haɗin godiya da wannan? Marigayi John Cacioppo na Jami'ar Shikago, wanda ya daɗe yana binciken kaɗaici, ya nuna cewa in ya daɗe a jikin mutum yakan sa shi zargi. Ya riƙa ganin ƙiyayya a fuskar da babu ita, ya fassara shirun mutane da raini, sai ya ja jiki, ja jikin kuma ya ƙara masa kaɗaici. Ido ne ya saba ƙidayar waɗanda suka juya masa baya. Godiya kuwa ƙidaya ce ta wani gefen. Na gwada wannan a kan yaron Apapa kafin mu rabu. Na sake tambayar, na ce, "To, wa ya yi maka alheri a cikin makon nan?" Ya yi tunani, ya ce mai shayi yakan ba shi burodin da ya kwana. Ya ƙara tunani, ya ce akwai wata Bayarabiya mai shago da take ajiye masa 'yan kuɗinsa, ba ta taɓa rage ko kwabo ba. Can kuma ya ce wani yaron mota ya ara masa riga ranar Juma'a. Yaron da ya rasa sunan mutum ɗaya ɗazu, ga shi da mutum uku. Na tambaye shi ko ya taɓa zuwa takanas ya gode musu, ya ce kunya yake ji.

Masana halayyar ɗan Adam a Amurka sun auna wannan abu. A 2008 Jeffrey Froh da abokan aikinsa sun sa 'yan makaranta 221, 'yan aji shida da na bakwai, cikin wani gwaji na mako biyu, inda aka sa wasunsu su riƙa rubuta abu biyar da suke godiya a kansu kowace rana. Waɗannan sun fi sauran jin daɗin makarantarsu, har bayan mako uku da gama gwajin. A 2005 Martin Seligman da abokansa sun sa mutane su rubuta wasiƙar godiya ga wani da ya yi musu alheri ba su taɓa gode masa sosai ba, su kai masa da kansu. Farin cikinsu ya ƙaru ƙwarai har tsawon wata guda, amma kafin wata uku ya koma yadda yake. A 2018 kuma Amit Kumar da Nicholas Epley sun gano cewa masu rubuta irin wannan wasiƙa sukan raina irin murnar da wanda aka aika wa zai yi, sukan kuma zuzuta irin nauyin da zai ji. Watau kunyar da ta hana yaron Apapa zuwa wurin mai shayi ta fi abin da yake tsoro girma.

Darasi uku ke nan. Godiyar da aka kai wa mutum ta fi wadda aka bari a zuci. Ba a yin ta sau ɗaya a ce an gama, sai an maimaita. Kuma yaro ba zai fara ta da kansa ba, sai babba ya share masa hanya. Kakanninmu sun san duka ukun ba tare da jami'a ba, shi ya sa suka ce yaba kyauta tukwici, suka kuma ce zumunta a ƙafa take.

HANYOYI BIYAR

Ga shawarata ga malaman allo da na Islamiyya, da malaman boko 'yan Arewa da suke koyarwa a nan, da shugabannin ƙungiyoyin ɗalibai. Babu ɗaya daga ciki da take bukatar gini ko kuɗin gwamnati.

Ta farko, zaman Laraba. Tun da a makarantun allo ranar Laraba ake rufe mako, a ware minti 15 kafin a tashi, kowane yaro ya ambaci mutum ɗaya da abu ɗaya da ya yi masa a makon. Sharaɗin shi ne a faɗi abin dalla-dalla. "Na gode wa kowa da kowa" ba ta shiga lissafi, sai "wane ya jira ni a bakin titi ranar da aka yi ruwa". Makarantun boko su yi nasu ranar Juma'a. Babban amfanin wannan zama yana wurin malam mai lura. In mako uku suka wuce akwai yaron da ba shi da wanda zai ambata, kuma babu wanda ya ambace shi, to malam ya gano abin da rajista ba za ta taɓa gaya masa ba. Sai ya haɗa shi aiki da wani yaro mai sakin fuska, ya kuma bincika inda yake kwana.

Ta biyu, wasiƙar wata. Sau ɗaya a wata kowane ɗalibi ya rubuta wasiƙa zuwa gida, da boko ko da ajami, wadda babu roƙo a cikinta ko ɗaya, sai ambaton wani alheri da aka yi masa tun yana ƙarami. A al'adarmu yaro ba ya iya duban idon mahaifinsa ya faɗi irin wannan magana, musamman ɗan fari, amma takarda ba ta jin kunya, kuma dama ɗan aike shi ne hanyar da muke bi mu kewaye kunya. Motocin da suke sauke tumatir da albasa a Mile 12, da masu kawo shanu mayankar Oko-Oba, da tirelolin da suke ɗaukar kaya daga Apapa da Tin Can, kullum suna komawa Arewa, kuma direbobinmu ba su taɓa ƙin saƙo ba. Inda iyaye ba su karatu, yaro ya karanta wasiƙar da bakinsa a aika da muryar ta waya, amma a aika da takardar ma, domin uwa takan ajiye takarda a ƙasan akwati shekara da shekaru. Iyaye kuma ku ba da amsa. Maraya ya rubuta wa wanda ya tsaya masa a madadin iyaye. Riba ta biyu ita ce, yaron da aka haifa a Agege zai koyi rubuta Hausa, abin da makarantarsa ba za ta koya masa ba.

Ta uku, fitar ban gajiya. Sau ɗaya a kowane zangon karatu yara su fita uku uku, da sanin malam da rana tsaka, su je su gode wa wani maƙwabci da ya kyautata musu. A nan ina so a kula ƙwarai, kada a tsaya kan Hausawa kaɗai. Mai gidan haya Bayarabe da ya yi haƙuri da kuɗin wata, mai kantin magani ɗan ƙabilar Ibo da ya ba da bashi cikin dare, malamar asibiti, malamar aji, duk a je musu, a kuma gode musu da harshensu. Yarbawa mutane ne masu riƙe godiya da nauyi. Suna da gaisuwa ta musamman ta godiyar abin jiya, "e she ana", suna kuma da karin maganar da take cewa yaron da ya gode alherin jiya zai sami wani. Dattijuwar Bayarabiya da yaran Hausawa uku suka durƙusa mata suka gode da Yarbanci ba za ta manta da fuskokinsu ba. Mu da muka ga abin da ya faru a Idi-Araba a watan Fabrairu na 2002 da Mile 12 a watan Maris na 2016 mun san ranar da fitina ta tashi, ƙofar maƙwabcin da ya san sunanka ta fi ofishin 'yan sanda kusa.

Ta huɗu, tukwici da aiki. Wani alherin ba a iya mayar wa mai shi, sai dai a miƙa shi gaba. Duk ɗalibin da ya shekara a makaranta a damƙa masa sabon zuwa guda, ya nuna masa inda ake sayen abinci mai araha, wace mota ake shiga, wane lungu ba a bi da dare, ya kuma nemo shi in bai gan shi ba kwana biyu. A gaya masa a fili cewa wannan shi ne tukwicin wanda ya karɓe shi lokacin da ya zo. Ƙungiyoyin ɗaliban Arewa na Akoka da Yaba su ne ya kamata su fara, su kuma miƙa hannu ga masu yi wa ƙasa hidima da aka turo daga Arewa, waɗanda tun da aka kafa shirin a 1973 suke sauka Ikko ba su san kowa ba. Haka kuma da salla, lokacin da kaɗaici ya fi cizo, kowane gida mai hali a Agege da Idi-Araba ya ɗauki ɗalibi ɗaya da bai sami zuwa gida ba ya ci tuwon salla da iyali. Bayan kwana biyu ɗalibin ya koma ban gajiya. Zuwa na biyun nan shi ne yake mayar da baƙo ɗan gida.

Ta biyar, ranar sauka. A walimar saukar karatu da bikin ba da kyaututtuka mun saba ɓata rabin yini wajen yabon manyan baƙi da suka zo a makare. A rage wannan, a ba kowane mai sauka minti biyu ya kira sunan mutum ɗaya da ba don shi ba da bai kai wannan rana ba, a kuma gayyato mutumin ya zauna a gaba, ko mai wanki ne, ko mai abincin bakin titi. A ƙasar Tailan makarantu suna ware wata ranar Alhamis a farkon shekarar karatu domin ɗalibai su kawo furanni su girmama malamansu, duniya kuma ta ware 5 ga Oktoba domin malamai tun 1994. Mu da muke da walima tun kaka da kakanni ba sai mun aro rana ba, gyara kawai take bukata.

GARGAƊI

Duk abin kirki yana da hanyar lalacewa, saboda haka ga iyakoki. Godiya dabam, banbaɗanci dabam. Da zarar zaman Laraba ya koma wurin yabon mai makaranta ko wani mai kuɗin unguwa, to an koya wa yara roƙo, gara ma a bari. Godiyar da muke nufi ta fi gangarawa ƙasa da gefe, wurin sa'o'i da ƙananan mutane. Kada kuma kuɗi ko kaya su shiga ciki, domin yaron da ba shi da abin kaiwa zai ƙara jin shi ba kowa ba ne. Koriya ta Kudu ta fara aiki da wata doka a 2016 da ta taƙaita kyautar da ake ba malamai da ma'aikata, domin kyauta ta fara zama cin hanci. Kalma da takarda da takawa sun isa. Kada a tilasta wa yaro mai nauyin baki ya yi magana gaban jama'a, a bar shi ya rubuta ko ya raɗa wa malam. Kada a manta da 'yan mata, musamman masu talla da waɗanda ake kulle su ɗaki guda daga an taso makaranta, domin nasu kaɗaicin ba ya fitowa bakin titi a gan shi.

Gargaɗi mafi girma kuwa shi ne, kada mu mayar da godiya murfin rufe bakin yaro. Almajirin da yake kwana da yunwa, ko wanda ake duka, ko wanda ubangidansa ya riƙe masa haƙƙinsa, abinci da adalci yake bukata tukuna. Duk wanda ya ce masa "ka gode wa Allah ka yi shiru" alhali yana da ikon share masa hawaye, ya ci amanar kalmar. Malamin da ya buɗe zaman godiya wajibi ne ya buɗe kunnensa ga kuka, kuma sau da yawa a wurin zaman ne kukan zai fito. Godiya ba za ta biya kuɗin haya ba, ba za ta gina ɗakin kwana ba. Abin da take yi shi ne ta nuna wa yaro ƙofofin da suke buɗe gare shi, ta kuma ba shi dalilin ƙwanƙwasawa.

Saboda haka ina kira ga Sarakunan Hausawa na unguwanninmu, da limamai, da shugabannin kasuwa da na direbobi, su kira malaman makarantu su zauna a kan wannan magana kafin zangon karatu mai zuwa. Limami ya yi huɗuba a kai, addini ma ya ɗaure godiya ga mutane da godiya ga Mahalicci. Shugaban direbobi ya ajiye akwatin wasiƙun ɗalibai a tasha. Attajiri ya sayi takarda da alƙalami, ba sai an ambaci sunansa ba. Kai kuma mai karatu, kada ka jira sarki ko limami. Yau da dare ka kira yaron da yake hannunka, ɗanka ne ko ɗan amana ko yaron shagonka, ka tambaye shi wa ya yi masa alheri a makon nan, gobe ka raka shi ya je ya gode. In kuwa ya rasa wanda zai ambata, to ka san aikin daga kanka zai fara.

Mun baro gida domin neman abin da za mu rufa wa iyalinmu asiri, kada mu tara kuɗin mu rasa yaran. Allah ya raya mana zuri'a, ya haɗa kanmu da maƙwabtanmu, ya sa mu dace, amin.